Mutum 894, kwana 21: yadda aka bi sawun Ebola a Legas da Fatakwal a 2014

Ranar Lahadi 20 ga Yulin 2014, ana cikin goman ƙarshe na azumi, wani jirgin kamfanin ASKY da ya taso daga Lome ya sauka a filin jirgin sama na Murtala Muhammed da ke Legas. Cikin fasinjojinsa akwai Patrick Sawyer, ma'aikacin ma'aikatar kuɗi ta Laberiya mai takardar zama ɗan Amurka. Daga Monrobiya ya fito, zai je taron ƙungiyar ECOWAS a Kalaba. Bai kai Kalaba ba. Tun a cikin jirgi jikinsa ya rikice, yana sauka kuma ya kasa tsayuwa. Jami'an da suka zo tarbarsa suka tallabe shi suka sa a mota, suka nufi wani asibitin kuɗi mai suna First Consultants a unguwar Obalende.

A lokacin Ebola ta yi wata bakwai tana cin rayuka a yammacin Afirka. Ta ɓulla a kudancin Gini a Disambar 2013, ba a gane ta ba sai a Maris, kafin nan ta riga ta tsallaka Laberiya da Saliyo. Ƙanwar Sawyer ta rasu da wannan cuta a farkon watan Yuli, shi kuma ya kusance ta tana jinya. Saboda haka hukumomin lafiya na Laberiya sun san da shi, sun sa shi cikin waɗanda ake sa wa ido, an kuma ce kada ya yi tafiya. Ya yi tafiyarsa.

A riƙe wannan, domin a kansa labarin yake tafiya. Sau biyu Ebola ta kafa sansani a Najeriya a wannan shekara, a Legas da Fatakwal, kuma duka biyun ta hannun mutumin da sunansa yana cikin jerin waɗanda ake bibiya, ya sulale. Waɗanda suka zauna inda aka ce su zauna, ko da cutar ta bayyana a jikinsu, da wuya suka ɗora wa wani.

Kwana biyar a Obalende

Da aka tambaye shi a asibiti ko ya kusanci mai Ebola, ya ce a'a. Aka auna jininsa aka ga zazzaɓin cizon sauro, aka fara masa magani. Babu likitan da zai zargi abokan aikinsa a kan wannan: mutum ya zo da zazzaɓi da kasala da amai a tsakiyar damina, gwaji ya nuna maleriya, shi kuma ya musanta abin da ake tsoro. A farkonta Ebola ba ta da wata fuska tata. Zubar jinin da mutane suka san ta da shi yakan zo a ƙarshe, ga wasu ma ba ya zuwa sam.

Washegari babbar likitar asibitin, Dakta Ameyo Stella Adadevoh, ta duba shi. Fanninta cututtuka irin su ciwon suga ne, ba ta taɓa ganin mai Ebola ba, ba a kuma taɓa samun cutar a Najeriya ba. Amma ta ga maganin maleriya ba ya aiki, ga shi kuma daga Laberiya ya zo. Ta sanar da hukumomin lafiya, ta sa aka ɗebi jininsa, ta kuma hana shi fita. Sawyer ya yi ta rigima sai an sallame shi, har ya fizge robar ƙarin ruwa jini ya fantsama. Asibitin ya bayyana daga baya cewa jami'an diflomasiyyar Laberiya sun matsa lamba a sake shi ya je taronsa. Ta ƙi. Asibitin ba shi da ɗakin killacewa, ba shi da kayan kariya na ƙwarai, sai abin da aka harhaɗa: shinge a bakin ƙofa, safar hannu, da bayanan da aka sauko da su daga intanet aka raba wa ma'aikata.

Ɗakin gwajin ƙwayoyin cuta na asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, ƙarƙashin Farfesa Sunday Omilabu, shi ya tabbatar da zargin, ɗakin gwaji na Jami'ar Redeemer's ya ƙara tabbatarwa. Ranar Juma'a 25 ga Yuli Sawyer ya mutu, aka ƙone gawarsa. Kafin nan an ƙiyasta ya kusanci mutum 72 tsakanin filin jirgi da asibiti.

Akwai abin da ake yawan tsallakewa in ana ba da wannan labari. Tun 1 ga Yuli likitocin gwamnati suke yajin aiki a faɗin ƙasar. Ba don haka ba, mai yiwuwa da babban asibitin gwamnati aka kai shi, inda ɗaruruwan majinyata da masu jinya da ɗaliban likitanci suke cuɗanya a ɗaki guda. Yajin aikin ya jawo ƙarancin hannaye daga baya, wannan gaskiya ne. Amma a ranar farko shi ya karkatar da cutar zuwa ƙaramin asibiti inda ake iya ƙirga duk wanda ya shiga ɗakin.

Kayan aikin da aka aro daga yaƙi da shan inna

Ranar 23 ga Yuli, tun Sawyer yana da rai, Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da gwamnatin jihar Legas suka buɗe cibiyar kula da lamarin. Makonnin farko ba su tafi daidai ba. Akwai kwamitoci, akwai tarurruka, amma babu wanda maganarsa ta zama ta ƙarshe, masu bin sawu kuma suna kukan rashin motoci. Gyaran da aka yi shi ne mayar da cibiyar irin wadda aka kafa a Abuja a 2012 don yaƙi da cutar shan inna, aka kuma ɗauko ɗaya daga cikin jagororinta, Dakta Faisal Shuaib, aka ba shi ragama.

Mutanen Arewa sun san wannan tsari ko da ba su san sunansa ba. Shi ne ke bayan matan nan masu akwatin rigakafi da alli suna rubutu a ƙofar gida. Bayan dakatar da rigakafin da aka yi a Kano a 2003 da yaɗuwar cutar da ta biyo baya, an shafe shekaru ana koyon yadda ake sanin kowane lungu da kowace ruga, yadda ake gane ƙungiyar da ta tsallake unguwa ta hanyar na'urar nuna wuri da ke cikin waya, da yadda ake zama da mai unguwa da liman kafin a ƙwanƙwasa ƙofar kowa. Ƙungiyar eHealth Africa, wadda ke da babban ofis a Kano, tana cikin masu wannan aiki, ita ce kuma ta kai wayoyi da manhaja Legas. Sannan akwai shirin horar da likitoci binciken annoba a fili, wanda aka fara a 2008, ɗalibansa sun yi aiki a Zamfara lokacin gubar dalma ta 2010. Kimanin 40 daga cikinsu ne suka zama ƙashin bayan bin sawu a Legas.

Tsarin cibiyar ba shi da wani sirri. Ma'aikatan tarayya da na jiha, da Hukumar Lafiya ta Duniya, da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka (CDC), da UNICEF, da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF, duk a wuri guda suke, ƙarƙashin shugaba guda. An raba aikin: masu bin sawu, masu jinya, masu gwaji, masu wayar da kai, masu tsaron iyakoki da filayen jirgi, da masu kula da kuɗi da motoci. Kullum ana zama, kowa ya faɗi abin da aka ɗora masa jiya, ya yi ko bai yi ba. Ga kuma siyasa a gefe: Shugaba Goodluck Jonathan da ministan lafiya Farfesa Onyebuchi Chukwu suna PDP, Gwamna Babatunde Fashola yana APC, zaɓe saura watanni. Duk da haka aikin bai tsaya a kan wa zai ɗauki yabo ba. Ranar 8 ga Agusta shugaban ƙasa ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan cutar ya amince da naira biliyan 1.9, a ranar da Hukumar Lafiya ta Duniya ita ma ta ayyana annobar a matsayin barazana ga duniya.

Aikin kansa

Bin sawu ya tsaya ne a kan halaye biyu na Ebola. Na farko, wanda ya kwashi ƙwayar ba ya ɗora wa kowa sai alamu sun bayyana a jikinsa. Na biyu, daga ranar kwasa zuwa ranar bayyana ba ya wuce kwana 21. Kuma ba a iska take tafiya ba, sai an taɓa jini ko amai ko gudawa ko gumin majinyaci, ko gawarsa, ko kayan da ya ɓata. Ke nan in ka san duk wanda ya taɓa mara lafiya, kana kuma ganin kowannensu kullum har kwana 21, to ranar da zazzaɓi ya fara wa wani za ka ɗauke shi kafin matarsa ta wanke masa zanen gado.

Faɗa da baki ke nan. A aikace, farkon wahalar ita ce rubuta sunaye. Wa ya tura keken da aka ɗauko shi a filin jirgi? Wane direba ne ya tuƙa motar? Wace nas ce ta auna shi daren Lahadi, wa ya ɗebi jini, wa ya wanke bayi, wa ya kwashe zannuwa? Takardar aikin asibiti takan nuna likita da nas, amma ba kasafai take nuna mai shara ko mai wanki ba, alhali su ne suka fi taɓa ƙazanta. Sai an zauna da mutane ɗaya bayan ɗaya ana tambaya, wannan ya tuna da wancan. Jerin sunayen fasinjojin jirgin ma bai zo hannu da wuri ba. Mako guda bayan saukar Sawyer, kwamishinan lafiya na Legas Dakta Jide Idris ya ce an gano mutum 59, mafi yawansu ma'aikatan asibitin ne.

Daga nan sai rarrabewa. Wanda ya taɓa jini da hannu ba ɗaya yake da wanda ya tsaya a bakin ƙofa ba, don haka aka ware masu babban haɗari ana ƙara sa musu ido. Kowa aka ba shi ma'aunin zafin jiki, aka ce ya riƙa aunawa safe da yamma, ya rage cuɗanya, kada ya bar gari. Kullum mai bin sawu zai zo har gida, ya tsaya ɗan nesa, ya ga awon da idonsa, ya tambayi ciwon kai, kasala, ciwon makogwaro, amai, gudawa. Kiran waya bai wadatar ba, don mai tsoro zai ce lafiya lau yana rawar ɗari. Da farko a takarda ake rubutawa, sai dare bayanin ya isa cibiya. Da wayoyin suka zo, awon yana shiga nan take, tare da wurin da ma'aikacin yake tsaye. Wannan ya rufe ƙofar abin da duk wanda ya taɓa aikin ƙidaya ko rigakafi ya sani: ma'aikaci ya zauna a gindin bishiya ya cike fom.

In aka ga zazzaɓi, wata ƙungiya dabam ce ke zuwa da motar asibiti da kayan kariya. A kai mutum ɗakin waɗanda ake zargi, a ɗebi jini. Gwajin kwanakin farko yana iya nuna babu alhali akwai, don haka akan maimaita bayan kwana uku. In ya tabbata, sai a mayar da shi ɗakin masu cutar, a fesa wa gidansa ruwan kulorin, sannan a buɗe sabon jeri: duk wanda ya kusance shi tun daga ranar da jikinsa ya fara zafi. Su ma kwana 21 ɗinsu ya fara daga ranar.

Rahoton da jagororin aikin suka wallafa tare da CDC ya ba da adadi: mutum 894 aka bibiya, masu bin sawu kimanin 150, ziyarar ido da ido kusan 18,500. Mai karatu ya ninka 894 sau 21, zai samu 18,774. Tazarar da ke tsakanin lissafin nan biyu kaɗan ce ƙwarai, ma'ana kusan kowa an gan shi kusan kowace rana, a Fatakwal da kuma Legas, garin da a lokacin gwamnatinsa ke cewa yana da mutum miliyan 21, inda cunkoson motoci kan cinye rabin yini, inda unguwanni da yawa ba su da lambar gida. A ganina wannan adadi ya fi kowane jawabi bayyana abin da ya faru.

A gefe guda masu wayar da kai suna bin gidajen da ke kewaye da gidan duk wanda ake bibiya, a unguwa mai cunkoso tazarar mita 500, a inda gidaje suke warwatse har kilomita 2. Sun shiga gidaje kusan 26,000. Manufar biyu ce: a ji ko akwai mara lafiyar da ba a sani ba, a kuma kwantar wa maƙwabta hankali kada su far wa mutumin.

Me ya sa mutum zai gudu

Wanda bai taɓa shiga irin wannan jeri ba yana iya ganin masu ɓuya a matsayin marasa tausayi. Sai a duba abin da suke gani. Sai da aka yi kimanin mako biyu kafin a samu ɗakin killacewa na ƙwarai a asibitin cututtuka masu yaɗuwa da ke Yaba. Waɗanda aka fara kwantarwa, ma'aikatan First Consultants ne mafi yawa, sun tarar da tsohon gini da aka daɗe ba a amfani da shi, ga ƙarancin masu jinya, don ma'aikata da yawa suna tsoron shiga. A lokacin ba magani, ba rigakafi. Wata matashiyar likita da ta warke ta ba da labarin yadda ta riƙa ɗura wa kanta ruwan gishiri da suga lita bayan lita don kada gudawa ta ƙarar da ruwan jikinta, tana kallon abokan aikinta suna mutuwa a gadajen da ke kusa.

A waje kuma ga tsangwama. An samu waɗanda masu gida suka nemi su tashi, da waɗanda aka ce kada su dawo wurin aiki, da iyalan da maƙwabta suka daina gaisawa da su. Motar hukuma ta tsaya a ƙofar gidanka kwana 21 a jere, ai unguwa ta gama sanin labari. Shi ya sa aka sa masu ba da shawara da kwantar da hankali cikin ƙungiyoyin, wasu ma'aikatan kuma suka riƙa ajiye mota nesa su ƙarasa da ƙafa. Gwamnatin Legas ta gyara wurin jinya, ta yi wa masu sa kai alkawarin alawus da inshorar rai. Da aka fara sallamar waɗanda suka warke a tsakiyar Agusta, aikin masu bin sawu ya yi sauƙi, don yanzu suna da abin nunawa: ana shiga Yaba a fito da rai. Gyaran ɗakin jinya wani ɓangare ne na bin sawu, ko da yake a takarda sassa biyu ne dabam.

Dakta Adadevoh ba ta fito ba. Ta rasu ranar 19 ga Agusta. Asibitinta ya rasa ma'aikata huɗu, cikinsu har da wata nas mai juna biyu wadda ranar da ta kama aiki ita ce ranar da ta fara jinyar Sawyer.

Daren gishiri

Wanda ya yi wayo a 2014 zai tuna asubahin Juma'a 8 ga Agusta. Waya ta yi ta ƙara tun tsakar dare, ɗan'uwa yana kiran ɗan'uwa: a tashi a yi wanka da ruwan zafi da gishiri, a kuma sha, kafin gari ya waye. Saƙon ya ratsa ƙasar cikin awoyi, har garuruwan Arewa da ke nesa da Legas da tafiyar yini guda, inda ba a taɓa samun ko mutum ɗaya mai cutar ba. Aƙalla mutum biyu suka mutu, wasu da dama aka kwantar a asibiti, musamman masu hawan jini. Kafin wannan an yi ta yayata cewa namijin goro maganin cutar ne.

Cibiyar ta mayar da martani ta rediyo da talabijin da saƙon waya, ga layin kira kyauta, ga wasu matasan likitoci masu sa kai da ke amsa tambayoyi a Twitter da Facebook. Jami'ai sun je wurin shugabannin addini, har da wata babbar majami'a a Legas da mutane ke zuwa neman waraka daga ƙasashe daban-daban, suka roƙi kada a karɓi masu Ebola daga waje. Bokitin wanke hannu ya bayyana a ƙofar banki da makaranta, musabaha ta ragu, aka ɗage komawa makarantu zuwa ƙarshen Satumba.

Inugu, sannan Fatakwal

Mutum biyu sun fita daga jeri a Legas, sakamakonsu kuma ya sha bamban.

Ta farko wata nas ce da ta tafi Inugu wurin danginta duk da an ce kada ta bar gari. An gano da wuri, aka dawo da ita Legas, aka sa ido a kan mutum ashirin da wani abu da ta kusanta. Babu wanda ya kamu a Inugu.

Na biyu jami'in diflomasiyya ne, ɗaya daga cikin waɗanda suka kusanci Sawyer. Da ya ji jikinsa ya fara canzawa, sai ya hau jirgi zuwa Fatakwal ranar 1 ga Agusta, ya kama ɗaki a otal, wani likita ya riƙa zuwa yana masa magani a asirce na kwana uku. Ya warke ya koma Legas. Likitan bai sanar da kowa ba. Ranar 11 ga Agusta zazzaɓi ya kama shi, ya ci gaba da ganin marasa lafiya a asibitinsa, har ya yi wa aƙalla mutum biyu tiyata. Da jiki ya tsananta ya zauna a gida, a daidai lokacin da 'yan'uwa da abokai ke zuwa barkar haihuwa. Ranar 16 ga wata aka kwantar da shi a wani asibitin, inda kusan duk ma'aikatan suka yi jinyarsa, 'yan cocinsu kuma suka zo suka yi masa addu'a suna ɗora masa hannu. Ya rasu ranar 22 ga Agusta. Sai ranar 27 gwaji ya tabbatar da abin da ya kashe shi.

Wato kusan mako huɗu cutar tana Fatakwal hukuma ba ta sani ba. A farkon Satumba Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa wannan reshe yana iya fin na Legas girma da sauri, tana cewa kimanin mutum 60 suna cikin babban haɗari. Aka kwashi ƙwararru daga Legas zuwa jihar Ribas, aka buɗe cibiya irin ta can, aka kafa wurin jinya a ƙaramar hukumar Emohua. Jerin Fatakwal ya haura mutum 500, ya fi na Legas gaba ɗaya. Mutum ɗaya da ya sulale ya jawo fiye da rabin aikin da aka yi a ƙasar.

Amma a wannan karon an riga an ƙware. Bayan likitan, mutum uku kawai suka kamu: matarsa, da 'yar'uwarsa, da wata dattijuwa da aka kwantar a asibiti ɗaya da shi. Dattijuwar ta rasu, sauran biyun suka warke, daga nan cutar ba ta ƙara tsallakawa kan kowa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an bibiyi kowa da kowa a Legas, a Fatakwal kuma kashi 99.8 cikin ɗari.

Ƙwazo nawa, sa'a nawa

Jimilla mutum 20 suka kamu, 19 gwaji ya tabbatar, ɗaya ana kyautata zato. Takwas suka mutu. Goma sha ɗaya daga cikin ashirin ɗin ma'aikatan lafiya ne. Ranar 20 ga Oktoban 2014, bayan kwana 42 babu sabon kamu, wato ninki biyu na kwana 21, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Najeriya ta rabu da Ebola. A ƙasashe ukun da annobar ta fi ƙamari kuwa, kafin ta lafa mutum sama da 28,000 sun kamu, sama da 11,000 sun mutu. Saudiyya ta hana alhazan Gini da Laberiya da Saliyo zuwa Hajjin wannan shekara, amma ta bar na Najeriya suka tafi bayan an auna su a filayen jirgi.

Yabon da aka yi ya dace, sai dai a faɗi rabon sa'a a ciki. Cutar ta shigo ta ƙofa ɗaya, a jikin mutum sananne mai fasfo, wanda ya faɗi a gaban jami'ai, a jihar da ta fi kowace kuɗi da likitoci da ɗakunan gwaji. Waɗanda suka fara kamuwa ma'aikatan asibiti ne masu adireshi da lambar waya, sun kuma san ma'anar zazzaɓin da ya zo kwanaki bayan taɓa mai cutar. A kwatanta da Mali a watan Oktoban shekarar: yarinya 'yar shekara biyu aka ɗauko daga Gini a motar haya, aka ratsa Bamako da ita har Kayes. Bayanta wani limami ya zo jinya Bamako daga bakin iyaka, ya rasu ba a gane cutarsa ba, aka yi masa wanka a masallaci. Mali ma ta shawo kan lamarin, mutum takwas suka kamu shida suka mutu, amma bin sawun fasinjojin motar haya da mahalarta jana'iza wani aiki ne dabam da bin takardar aikin asibiti. A tasha ba a rubuta sunan kowa. Da ta wannan hanya cutar ta shigo mana, da jerin farko ba a ofis za a rubuta shi ba, sai a bakin 'yan kamasho da masu wankan gawa da mai unguwa.

Bayan annobar an gina wasu abubuwa. Manhajar SORMAS, wadda ake shigar da rahoton cututtuka da sunayen waɗanda ake bibiya, daga darasin Legas aka ƙirƙiro ta, aka fara gwada ta a jihohin Kano da Oyo a 2015. Hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta Najeriya (NCDC), wadda a 2014 ba ta da dokar kafuwa, ta samu doka a 2018. Rigakafin Ebola da aka gwada a Gini a 2015 shi ma a kan jerin masu bin sawu ya dogara, don waɗanda suka kusanci majinyaci da waɗanda suka kusance su ake yi wa.

Sai korona ta zo a 2020 ta nuna iyakar dabarar. Ita tana yaɗuwa ta numfashi, kuma mutum yana ɗora wa wani tun bai san yana ɗauke da ita ba, don haka ma'aunin zafin jiki da ziyarar kullum ba sa tare ta yadda suka tare Ebola. An bibiyi waɗanda suka kusanci ɗan Italiyan da aka fara samu da ita a ƙarshen Fabrairu, amma ba ta ƙofa ɗaya ta shigo ba. A Kano an sanar da kamu na farko ranar 11 ga Afrilu. Cikin makonni biyu ɗakin gwajin da ke jihar ya tsaya na kwanaki, asibitocin kuɗi da yawa suka rage karɓar marasa lafiya, masu haƙa kabari suka fara cewa aikinsu ya ninka. Babu jerin sunayen da za a bi, sai tawagar da gwamnatin tarayya ta tura ta riƙa tambayar iyalan mamata yadda ciwon ya kasance. A watan Yuni ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce an ƙirga mutuwar mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na birnin, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya kasancewa korona ce ta jawo su.